Wai da gaske har yanzu ana gano sabbin tsirrai, kuma furen da na ɗauka a Mambila zai iya zama sabo?

Wani ƙanenmu da ya yi bautar ƙasa a Gembu ya turo min hoto guda ɗaya tal da tambaya mai tsawo, a taƙaice cewa yake ya karanta labarin wani tsiro da aka gano a kan tsauni a Brazil ta hanyar Facebook, shi ne abin ya tsaya masa a rai, ta yaya za a ce tsiro "sabo" ne alhali Allah ya gama halittarsa tun tuni, sannan wannan jan furen da ya ɗauka a wani tudu bayan an ƙona ciyawa, ko shi ma sabo ne a sa masa sunansa?

Toh ƙanena, labarin Brazil ɗin gaskiya ne, zan zo kansa. Furenka kuma, kar ranka ya ɓaci, da na dube shi ya fi min kama da dangin rumana, wanda masana ke kira Gladiolus, kuma irinsa ya bazu sosai a Afirka, an daɗe da rubuta shi. Amma fa na ce "ya fi kama" ne, don ba mai hankalin da zai yanke hukunci da hoto ɗaya da aka ɗauka daga sama, ganye bai fito ba, gindi bai fito ba, ga yatsanka ma ya rufe gefe guda.

Mu fara da kalmar sabo ɗin nan don ita ce take rikita mutane. Idan mai nazarin tsirrai ya ce sabo, abin da yake nufi kawai shi ne ba a taɓa shigar da shi rajistar kimiyya ba, ba wanda ya siffanta shi a rubuce ya ba shi sunan da duk duniya za ta gane shi da shi. Misalin da nake ba ɗalibai kullum shi ne hano, ko ararrabi kamar yadda wasu ke ce masa. Kakannin kakanninmu sun san hano, suna shinge da shi, suna jiƙa ɓawonsa, suna turare da ƙaronsa, amma a wajen kimiyya sai a 1910 ya zama "sabon" itace, lokacin da wani masani a lambun Kew na Ingila mai suna Hutchinson ya raɗa masa Boswellia dalzielii, don girmama Dalziel, wani likita Bature da ya yi aiki a Arewa yana tara ganyayyaki yana tambayar mutane sunayensu da Hausa, har ya fitar da ɗan littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Kaga kenan tsohuwar da ta nuna masa itacen ta riga shi sani nesa ba kusa ba, sunanta ne dai bai shiga takarda ba. Haka ɗorawa take ɗauke da sunan Mungo Park, wato Parkia, kuka kuma Adansonia daga sunan wani Bafaranshe Adanson. Abin yana min ciwo wani lokacin, amma ba wannan ka tambaya ba.

Kar kuma ka ce to ai sunayenmu sun wadatar. Ba su wadatar ba, kuma ba raini ba ne. Wuta-wuta da ke cin dawa da gero daban, wadda ke cin wake daban, jinsi biyu ne amma manomi suna ɗaya yake kiransu da shi. Zogale kuma abu ɗaya ne amma ka je Sakkwato ko Nijar ka ji ana ce masa tamakka. Idan mai bincike a Zariya zai yi magana da na Indiya a kan abu ɗaya dole su sami suna ɗaya da ba ya canzawa, amfanin sunan Latin ɗin kenan.

Yawan abin kuma zai ba ka mamaki. A ƙiyasin masanan Kew na 2016, tsirran da aka sani masu jijiyoyin ɗaukar ruwa sun kai wajen 390,000, kusan 369,000 daga ciki masu fure ne, kuma duk shekara ana ƙara sababbi kimanin 2,000. Lissafa ka gani, kusan biyar ko shida kenan kowace rana. Yawancinsu ba wanda ke jin labarinsu sai 'yan fannin, wanda ya shiga jarida sai mai wani abin ban mamaki a tare da shi, irin na Brazil ɗin nan.

Ga yadda abin ya faru. Wani mutum mai sha'awar furannin daji, ba malamin jami'a ba ne, ya hau wani tsauni da ake kira Pico do Padre Ângelo a jihar Minas Gerais, kudu maso gabashin Brazil, ya ɗauki hotunan tsirran da ya gani ya zuba a Facebook. Ana nan sai idon wani matashin masani Paulo Gonella ya faɗa kan ɗaya daga cikin hotunan, shi kuwa aikinsa kenan, nazarin wasu tsirrai da ake kira Drosera, ya san 'yan Brazil ɗinsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa, da ganin hoton ya san wannan ba ta cikin garken. Su Drosera tsirrai ne masu cin ƙwari, ganyensu cike yake da wasu gashi-gashi ja, a kan kowane gashi akwai ɗigon ruwa mai ƙyalli kamar raɓar safiya, ƙwaro ya zo yana zaton abin sha ne sai ya maƙale don ruwan yauƙi ne da shi kamar danƙo, ganyen ya naɗe a hankali ya narkar da shi ya tsotse. Jinsinsu ya haura 200 a duniya, kuma muna da 'yan uwansu a Najeriya a wuraren dausayi, ƙanana ne dai, sai ka taka su ba ka sani ba.

Wannan ta Brazil kuwa ƙatuwa ce, tsawonta kan kai kusan mita ɗaya da rabi, ganye ɗaya ya kai santimita 24, ita ce mafi girma a danginta a duk nahiyar Amurka. Shi ya sa aka sa mata Drosera magnifica, ma'ana mai ƙasaita. Gonella da abokan aikinsa biyu, Fernando Rivadavia da Andreas Fleischmann, suka buga bayaninta a mujallar Phytotaxa a 2015, jaridu suka ɗauka da kanun "tsiro na farko da aka gano a Facebook".

To amma lura da abin da kanun labarin ya haɗiye. Hoton bai gano komai ba, yatsa kawai ya nuna. Sai da mutanen nan suka tattara kaya suka je, mai hoton ya yi musu jagora suka hau tsaunin mai tsayin wajen mita 1,500, suka ga tsiron da idonsu, suka auna, suka ɗebo samfuri suka danne suka busar, suka koma suka zauna suna gwada shi da 'yan uwansa na kusa kamar Drosera graminifolia, gashi da gashi, iri da iri a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan suka iya buɗe baki suka ce wannan daban ce. Da a ce hoton kaɗai suka riƙe, babu mujallar kirki da za ta saurare su.

Tambayar da ya kamata ka yi, wadda ni ta fi burge ni, ita ce ta yaya abu mai tsayin yaro ɗan firamare, ja jawur yana ƙyalli, zai zauna a ƙasar da ke da jami'o'i da masana rututu ba a san da shi ba har 2015? Amsar tana cikin yanayin filayen ciyawa na kan tsaunuka, kuma a nan zan ɗan daɗe don shi ne ya shafi Mambilarka.

Ka ɗauki kan tsauni a ƙasa mai zafi kamar tsibiri. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa ka kwana da bargo biyu a Gembu alhali a Jalingo ana neman fanka. Tsiron da ya saba da wannan sanyin da hazon ba zai iya sauka ƙasa ya ratsa kwari mai zafi ya hau tsauni na gaba ba, gare shi kwarin nan teku ne. Sai ya zauna a inda yake, dubban shekaru masu yawa, yana barbara da 'yan uwansa na wurin kaɗai, a hankali kamanninsa su bambanta da na tsaunin da ke kallonsa. Ba wani abin tayar da hankali a nan, mu da muka san yadda Gudalin Sakkwato ya bambanta da Gudalin Adamawa, ko yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci saboda nisa da daɗewa, mun riga mun ga irin abin da ƙarami. Bambancin dai shi ne na tsirran ya yi nisa har sun zama jinsi daban. Sakamakon shi ne sai ka sami tsiron da duk duniya babu shi sai a kan dutse ɗaya, wani ma a gefe ɗaya na dutsen. Drosera magnifica haka take, a ƙololuwar tsaunin nan aka same ta, idan ba ka hau wannan tsaunin ba ko ka shekara hamsin kana yawo a Brazil ba za ka gan ta ba.

Sai ƙasar wurin. Yawanci yashi ne fari da tsakuwa a kan dutse, ruwan sama ya wanke duk wani taki da ke ciki, babu sinadarin naitirojin ɗin nan da muke saya a buhun yuriya, babu fosfaras. Mutum zai zaci irin wannan wurin ba abin da zai tsira, amma akasin haka ake gani, don a ƙasa mai taki tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi ne ke tashi su danne kowa, a ƙasar yunwa kuwa ba mai ƙarfin danne wani, kowa sai ya nemi dabararsa, wannan ya koma cin ƙwari don ya sami naitirojin, wancan ya ɓoye jikinsa a ƙarƙashin ƙasa, wani ya rufe ganyensa da gashi saboda rana da tsakar rana kamar bazara take, dare kuma hunturu. Irin waɗannan filayen duwatsu na Brazil, da suke kira campo rupestre, ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar ba, amma suna ɗauke da jinsin tsirrai sama da 5,000, kusan kashi 15 cikin 100 na duk tsirran Brazil. Wurin da mai wucewa zai kalla ya ce fili ne kawai ba komai sai ciyawa.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda mutane ba sa kawowa a rai. Ba a iya tantance yawancin tsirrai sai da fure ko 'ya'ya, kuma da yawa daga na tsauni furensu na sati biyu ne ko uku, wasu sai bayan wuta ta wuce, irin naka. Ka zo kafin lokacin ka tarar da toka, ka zo bayansa ka tarar da doguwar ciyawa ta rufe komai. A tsaunukan kudancin Indiya akwai wani da suke kira kurinji da ke fure sau ɗaya a shekara 12, ya yi a 2006, ya yi a 2018, sai kuma 2030 in Allah ya kai mu. Shi dai an san shi don idan ya yi duk tudun shuɗi yake komawa, amma ka yi tunanin ƙaramin tsiro mai irin wannan hali a lungun da masani ke zuwa sau ɗaya a shekara ashirin. Ga kuma rashin tsaro. A Kolombiya shekarun yaƙi sun hana masana shiga tsaunuka da dama, kuma a 2017 wani masani Mauricio Diazgranados ya siffanta wani sabon jinsi na manyan tsirran nan masu gashi na filayen sanyin tsaunukan Andes ya sa masa Espeletia praesidentis don karrama shugaba Juan Manuel Santos saboda ƙoƙarin sulhun da ya yi. Wannan ɓangaren ba sai na yi maka dogon bayani ba, ka san dazukan da mu ma ba ma iya shiga yau.

Yanzu aikin wahalar. Wallahi hawa dutse shi ne ɓangaren daɗi, ainihin aikin a ɗaki ake yinsa, ɗakin ajiyar busassun tsirrai da muke kira habariyom, mai warin maganin asu, inda aka jera dubban manyan takardu kowace da busasshen tsiro a manne da bayanin wanda ya ɗebo shi da wuri da rana. Na Kew yana da wajen miliyan 7, namu mafi girma a Najeriya yana Ibadan a cibiyar binciken gandun daji, akwai na ABU Zariya, na Kamaru yana Yawunde. Kafin ka ce abu sabo ne dole ka tabbatar ba wanda ya riga ka, kuma "wanda ya riga ka" ɗin zai iya zama wani Bajamushe da ya ɗebo shi a 1900 da wani abu ya rubuta layi huɗu da Latin a wata mujalla da ba a sake bugawa ba. Sai ka bi duk sunayen da aka taɓa bai wa danginsa, ka nemi samfurin asali na kowanne ka gwada, ka jiƙa busasshen fure a ruwan zafi ya buɗe ka fede shi da allura ka ƙirga sassansa. Sannan ka tambayi kanka, bambancin nan da nake gani na jinsi ne ko kuwa yunwa ce da iska suka sa wannan ya gajarce? Don kuka ma da ta tsiro a kan dutse ba ta kama da ta bakin rafi, amma duk kuka ce. Yanzu ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin halitta, yana taimakawa ƙwarai, amma bai ɗauke wa kowa duba siffa ba. Ni kaina na taɓa shafe watanni ina murna a ɓoye da wani ɗan tsiro, har na fara tunanin suna, ƙarshe na tarar an rubuta shi tun kafin a haifi mahaifina, daga wata ƙasa ta gabashin Afirka. Na ji kunya, amma gara ni na gano da kaina da a gano min bayan an buga.

Wani abin da zai ba ka dariya, ko haushi. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna kashi 16 cikin 100 ne kawai na sabbin jinsi ake siffantawa cikin shekara biyar da ɗebo su, sauran sai sun kwanta a kabad shekaru, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ma sun haura shekara 50 a ajiye kafin wani ya gane su. Wato da yawan tsirran da "ba a gano ba" an riga an ɗebo su, suna cikin fayil da sunan kuskure suna jiran mai ido. Ƙarancin masu idon ne matsalar, ɗalibanmu kowa likitanci ko harhaɗa magunguna yake so, wanda aka tura fannin tsirrai kuka yake kamar an yi masa mutuwa.

Raɗin sunan kuma yana da dokoki, ba kamar sunan jariri ba ne da za a yanka rago a sanar. Tsarin suna mai kalma biyu ya samo asali ne daga Linnaeus a 1753. Tun daga 1958 sunan ba ya inganta sai ka ayyana samfurin asali guda ɗaya ka faɗi cewa wannan shi ne ma'aunin sunan, a ajiye shi inda kowane masani zai iya zuwa ya duba. Da can dole bayanin ya kasance da Latin, daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci, aka kuma yarda a buga a intanet. Batun a sa sunanka kuwa, a al'adar fannin mutum ba ya raɗa wa tsiro sunan kansa, abin kunya ne, amma masanin da ya siffanta shi zai iya sa sunan wanda ya fara ɗebo shi, kuma ana yi sosai. Ni dai da za a bi ta tawa da an fi yawaita sa sunan wurin ko sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi.

Abin takaicin shi ne yawancin irin waɗannan tsirran ranar da aka raɗa musu suna ranar ake sa su a jerin masu shirin ƙarewa. Drosera magnifica tun a takardar farko aka ce tana matakin haɗari mafi tsanani, don gindin tsaunin duk an share an yi gonakin kofi da na itacen turare, wato eucalyptus, da makiyayar shanu, sannan ga wata ciyawa, ka ji abin mamaki, 'yar Afirka ce, Melinis minutiflora, an kai ta Brazil tuntuni ta zama abincin shanu, ta fi ƙarfin 'yan gida tana hawa tsaunin tana shaƙe su, ga ta da maiƙo wuta na kama ta da zafi fiye da yadda tsirran wurin suka saba. Masana na Kew sun yi ƙiyasi a 2023 cewa uku cikin huɗu na tsirran da ba a riga an siffanta ba suna cikin barazanar ƙarewa.

A nan ne nake da ƙorafi da yadda muke kallon fili. An koya mana cewa daji shi ne itatuwa, duk inda ba itace to lalataccen wuri ne a je a dasa. Turawan mulki sun yi wannan kuskuren a tsaunukan kudancin Indiya, suka ɗauki filayen ciyawar a matsayin wofi suka cika su da itacen turare da wasu baƙin itatuwa daga Ostareliya, yau ana kashe kuɗi ana tumɓuke su. Kai da ka zauna a Mambila ka ga yadda turare ya mamaye tuddai. Ban ce kar a dasa ba, mutane na buƙatar katako da itacen girki da kuɗin makaranta, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri, amma duk inda ya yi duhu ka leƙa ƙarƙashinsa ka gani ko akwai abin da ya rage. Tsohon filin ciyawa da ya shekara dubbai, mai cike da albasoshi da saiwoyi a ƙarƙashin ƙasa, idan aka nome shi ko aka rufe shi da inuwa ba ya dawowa a rayuwar mutum ɗaya. Wuta ita ma ba a yi mata hukunci ɗaya, yawancin tsirran filin sun saba da ita, wasu ma sai da ita suke fure kamar yadda ka gani da idonka, abin da ke kashe su shi ne ƙonawa kowace shekara ba hutu, sannan shanu su bi sabon tohon su cinye tun bai yi iri ba, kofato ya daddaɓe ƙasar.

To Mambila za a iya samun sabon tsiro? Sosai ma kuwa. Tudun nan tsayinsa wajen mita 1,600 ne, ga Chappal Waddi a gandun Gashaka-Gumti mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, kuma duk jerin tsaunuka ɗaya ne da na Bamenda da Oku a Kamaru. Ɓangaren Kamaru an yi masa aiki sosai, masanan Kew da na Yawunde sun fitar da cikakken jerin tsirran tsaunin Oku a shekarar 2000 kuma sun yi ta samun sababbi a yankin. Namu ɓangaren bai sami irin wannan tankaɗe da rairayar ba. Akwai tashar bincike a kurmin Ngel Nyaki da ke aiki mai kyau, amma hankali ya fi karkata ga kurmin, filin ciyawar da ke kewaye da bakin duwatsu da dausayoyi su ne marayun. Ko da ba sabo ga duniya ba, samun tsiron da aka sani a Kamaru amma ba a taɓa rubuta shi a Najeriya ba shi ma abin bugawa ne, kuma wannan ya fi sauƙin faruwa nesa ba kusa ba.

Idan da gaske kake, ga abin da za ka yi in ka koma. Ka daina ɗaukar hoto ɗaya. Ɗauki tsiron gaba ɗaya da wurin da yake, ɗauki furen ta gaba da ta gefe da ta baya, ganye sama da ƙasa, inda ganye ya haɗu da kara, 'ya'ya idan akwai, ka ajiye biro ko kwandala a gefe don a gane girmansa, ka kunna taswirar wayarka ka adana lambobin wurin da tsayinsa. Rubuta rana, rubuta ko a dausayi yake ko kan dutse, an ƙona wurin ko ba a ƙona ba, yana da ƙamshi, yana fitar da ruwa fari idan aka karya. Sannan ka tambayi makiyayi ko tsohuwar da ke kusa sunansa da Fulatanci ko da yaren Mambila da abin da ake yi da shi, ka rubuta yadda suka faɗa, wannan bayanin wani lokacin ya fi hoton daraja kuma shi ne ba a iya komawa a samo. Samfuri kuwa kar ka yi gaggawar tumɓukewa, ƙa'idar da muke bi ita ce idan ba ka ƙirga guda ashirin a wurin ba kar ka cire ko ɗaya, kuma cikin gandun gwamnati irin Gashaka-Gumti ba a cire komai sai da takardar izini, fitar da shi ƙasar waje ma wata doka ce daban. Idan da yawa kuma a wajen gandu ne, cire biyu ko uku masu fure har da gindinsu, shimfiɗa kowanne a tsakiyar tsohuwar jarida, danne da katako biyu ka ɗora dutse, ka riƙa canza jaridar kullum don a danshin Mambila kwana biyu ya isa ya yi fumfuna ya ruɓe. Kar ka sa a leda ka rufe, kar ka yi masa guga, na ga wanda ya yi. In ya bushe ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'ar da ta fi kusa da kai ka nemi mai kula da habariyom, ba kowane malami ba, shi takamaimai.

Abu ɗaya kuma, idan ka sa hoton a Facebook ko wani dandali kar ka rubuta ainihin wurin dalla-dalla, faɗi yankin kawai, don akwai masu farautar tsirran da ba a cika samu ba su sayar, kuma tsiron da duk duniyarsa tudu ɗaya ne buhu biyu ya isa ya gama da shi.

Naka jan furen, tunda ka ce bayan ƙuna ka gan shi, ka koma wajen ƙarshen rani zuwa faɗuwar ruwan farko, tudun da ka ɗauke shi ba wani ba. Ka ɗan tona gefen guda ɗaya a hankali ka ga ko yana da ɗan curi kamar albasa mai rigar zare-zare, ka ɗauko min hoton wannan da na ganyen, ka ƙirga min furanni nawa ne a kan kara ɗaya, sai mu san inda muka dosa.